Fiffiken Allon Iska: Abin da Dahab Ta Koya Mini Game da Ƙarko

A ƙarshen shekarun 1990, lokacin ina karatun injiniya a Alƙahira, dogon hutu kan raba mu ɗaliban da muka fito daga ƙasar Hausa gida uku. Masu hali su yanki tikiti su tafi ganin gida. Wasu su yi haramar Umara, su ɗan taɓa aiki a can kafin a koma aji. Mu kuwa da aljihu bai kai ba, sai mu bazama neman abin yi a cikin Masar ɗin. Ni dai rabona a Dahab yake. Wani abokin karatuna Bamisire ne ya yi mini hanya wurin kawunsa, wanda ke riƙe da ɗakin gyara a ɗaya daga cikin wuraren da ke ba baƙi hayar allon iska.

Motar dare nake shiga daga tashar Turguman, mu bi ta ramin Ahmad Hamdi da ya ratsa ƙarƙashin mashigin Suwez, gari ya waye mana a tsakiyar duwatsun Sina'i. Dahab a wancan zamani ƙaramin gari ne na Larabawan ƙauye 'yan ƙabilar Muzaina, da masunta, da 'yan yawon buɗe ido masu ƙaramin guzuri. Bayanka jajayen duwatsu ne da ko tsiro babu, gabanka ruwan Aƙaba, can tsallake kuma ga duwatsun Saudiyya kana hangensu. A kudancin garin wani dogon harshen rairayi ya miƙe cikin teku ya tare igiyar ruwa, abin da ke bayansa ya zama tafki kwance lumui. Iskar arewa kan taso tun da safe, ta yi ta kaɗawa har bayan azahar. Samun iska mai ƙarfi a kan ruwan da ba ya tashi, shi ya sa Jamusawa da Turawan Ingila da Rashawa suke tururuwa can.

Wasan kansa a lokacin shekarunsa ba su wuce talatin ba. Wasu Amurkawa biyu a Kalifoniya, Jim Drake injiniyan jiragen sama da Hoyle Schweitzer, su suka nemi rajistar ƙirƙirarsu a 1968, aka ba su a 1970: allo, da jigo mai gaɓa a gindi da ke juyawa ta ko'ina, da filafili wanda mahayi ke riƙewa da hannu yana tsaye. Kamfanin Ten Cate na Holan ya karɓi izinin ƙerawa ya baza shi a Turai, a 1984 kuma wasan ya shiga gasar Olamfik a Los Anjeles, inda Stephan van den Berg ɗan Holan ya ɗauki zinare. Yawancin dattawan da ke zuwa mana tun a wancan zamani suka kamu da son abin, kuma da yawansu sukan zo da fiffikensu naɗe cikin tawul a jakar hannu, ko da allon haya za su hau.

Da farko aikina ɗaukar alluna ne zuwa bakin ruwa da wanke gishiri daga jikin filafilai. Daga baya kawun abokin nawa, wanda kowa ke kira Usta kamar yadda Misirawa ke kiran duk gwanin sana'ar hannu, ya jawo ni ɗakin gyara. Shi asalinsa kafintan jiragen masunta ne, hannuwansa duk kanta. Ɗakin nasa ƙarami ne, kullum yana tashin warin ƙaro, bangonsa guda kuma an kafe shi da ƙusoshi, kowace ƙusa da fiffike rataye, daga mai tsawon tafin hannu har mai tsawon kamu guda.

Fiffike shi ne ɗan abin nan mai kama da na kifi da ake kafawa a ƙarƙashin wutsiyar allo. Wanda ke tsaye a gaɓa ba ya ganinsa, shi ya sa sabon shiga ba ya ba shi muhimmanci. Amma iskar da ke bugun filafili daga gefe, nufinta ta tura allon gefe ne, ba gaba ba. Fiffiken ne ke hana hakan. Yana yanka ruwa a ɗan karkace, matsin ruwa ya ƙaru a kunci ɗaya ya ragu a ɗayan, yadda fiffiken jirgin sama ke yi da iska, sai ya riƙa tura allon yana mayar da shi wajen da iska ke fitowa. Da yake ruwa ya ninka iska nauyi kusan sau 800, fiffike mai tsawon santimita 40 ya isa ya tsaya wa filafili mai faɗin murabba'in mita 7. Idan allo ya ɗau gudu ya taso saman ruwa, wutsiyarsa kaɗai ke taɓa ruwan, mahayi ya ɗora nauyinsa a ɗamarar da ke rataye shi da filafili ya dake da ƙafar baya, to duk wannan ƙarfi a kan ɗan abin nan yake sauka. Da zarar iska ta sami kafar da ta sulale ta manne a kuncin da matsi ya ragu, riƙo ya tafi, wutsiyar allo ta ƙwace ta yi gefe. A tsakiyar gudu wannan ƙwacewa kan yi jifa da mutum. Kuma ɗan tsagu a bakin fiffiken, wanda bai kai ƙwayar gero ba, ya isa ya jawo ta.

Bangon Usta tarihin sana'ar ne gaba ɗaya. A can sama akwai tsofaffin fiffike na roba, irin waɗanda ake narkawa a zuba a mazubi, daga zamanin manyan alluna masu nauyi. Ba ya amfani da su, amma bai zubar ba. Yakan ciro ɗaya ya lanƙwasa shi da hannu ya nuna mini yadda yake bin hannun ba gardama. A gudun da ake yi a farkon wasan hakan bai dami kowa ba. Da alluna suka gajarce gudu ya ƙaru, sai robar ta kasa: ta lanƙwashe a lokacin da ake bukatar ta dage, rana da gishiri kuma su busar da ita ta yi gautsi, wata rana ta ɓalle daga wuya ba sallama.

A tsakiyar bangon, inda hannu ke saurin kaiwa, nan fiffiken G10 suke, kuma su ne abin da nake tunawa da ƙauna har yau. G10 ba don ruwa aka ƙirƙire shi ba. Kayan masana'antar lantarki ne, ɗan gidan su allon da ake jera kayan rediyo a kai. Ƙyallen zaren gilas ne ake jiƙawa da ƙaron efoksi, a jera shi hawa bisa hawa, a danne da injin matsi cikin zafi har ya zama faranti guda mai tauri, launinsa kore-kore mai haske. Daga wannan faranti ake yanko fiffike, a sassaƙe kumatunsa biyu har su sami siffar da ake so. Da yake hawa-hawa ne, duk inda aka sassaƙa sai layukan ƙyallen su fito a jiki suna bin juna, irin layukan da ake nuna tudu da su a taswira.

Karatun waɗannan layuka shi ne darasin farko da Usta ya ba ni. Ya tsoma fiffike a bokiti ya ɗaga shi wajen ƙofa inda haske ke shigowa. Jiƙewar ta sa layukan suka fito rangaɗau. Ya ce, “Ɗana, bi su da ido daga wuya har tsini. Ka ga inda ɗaya ya yi gargada?” Na duba, babu. Suna tafe a jere, tazararsu na matsewa a hankali wajen baki, tana buɗewa wajen tsakiya. Ya juya ɗaya kuncin, layukan suka zo daidai da na farko kamar an haɗa su a madubi. Sai ya ɗauko wani, shi ma G10, wanda aka sayo da araha. A nan layukan sun yi ciki a wuri guda, alamar hannu ya zarce an ci ƙasa fiye da kima, a ɗaya kuncin kuma sun karkata baya. Ya ce wannan komai gwanintar mahayi sai ya riƙa ƙwacewa a hannu ɗaya, ya zauna lafiya a ɗayan. Washegari da na hau su biyun bi da bi, haka na tarar. Abin da ya burge ni da wannan kaya ke nan tun ranar: aikin wanda ya sassaƙa shi a rubuce yake a jikinsa, mai saye na iya karantawa kafin ya biya.

Kowace yamma, idan iska ta kwanta aka kwaso alluna, mukan kife su a kan sigogi mu bi fiffiken ɗaya bayan ɗaya. Ba da ido ake dubawa ba, da farce ne. Ka ja farcen babban yatsa a hankali a kan bakin gaba, duk inda ya sarƙe, nan ne. Dahab wuri ne mai cin fiffike. Gefen tafkin ruwan ba zurfi, masu koyo kan shigo da gudu su ja tsinin a rairayi, daga waje kuma ga duwatsun murjani da ke fakewa ƙasa kaɗan da fuskar ruwa idan teku ta janye. Wanda ya sami ɗan tsagu, sai a ɗaure shi a maƙama, a bi shi da magagari mai laushi, sannan samfefa, daga mai kaushi zuwa mai santsi, kullum da ruwa. Usta bai yarda a goge G10 a bushe ba, don ƙurarsa gilas ce, tana sa ƙaiƙayi a fata, a huhu kuma ta fi haka ɓarna. Idan tsagun ya yi zurfi, a dama efoksi da garin zaren gilas a cike, a bar shi ya kwana, da safe a daidaita. Wanda kuma mahayi ya dawo yana cewa yana yi masa fito a cikin ruwa, to bakin baya ne ya yi kauri, sai a ɗan zaftare shi a karkace ta gefe guda, fiton ya ɗauke. Amma ba a wasa shi ya yi kaifi, don bakin baya mai kaifi ya sha yanka ƙafar mai shi.

Da yake ciki da wajen G10 duk abu ɗaya ne, duk yadda ka goge shi abin da ke ƙasa irin na sama ne. Saboda haka ba ya mutuwa farat ɗaya, tsufa yake yi. Wanda aka sayo yana santimita 40, bayan an sha jan sa a rairayi ana sake fitar masa da tsini, sai ya dawo 37, a mayar da shi ƙaramin allo mai ƙaramin filafili. Ya ƙara gajarcewa, a ba masu koyon juyi a ruwa marar zurfi. Ya tuna mini da fartanyar da maƙerin garinmu ke yi, wadda uba zai yi noma da ita har bakinta ya cinye, a sake buge ta a ba yaro ya yi firi. Akwai fiffike a bangon nan da Usta ya ce ya girme ni a wurin nesa ba kusa ba, an canja masa allo ya fi a ƙirga, kuma bai taɓa barin kowa a teku ba.

Sai dai ruwan fiffiken rabin magana ne. Sauran rabin yana kansa, wato ɓangaren da ke shiga gurbin da aka tanada a jikin allo. Gurbin nan iri-iri ne, kowanne da halinsa. Akwai tsohon yayi da aka gada daga allunan hawan igiyar ruwa, wanda ake kira na Amurka: doguwar kwata, fiffiken yana da ɗan ƙarfe a gicciye a gefe guda, da ɗan harshe a ɗaya gefen inda noti ke kamawa. Wannan harshe shi ne lagonsa, nan yake karyewa. Akwai Power Box mai noti guda da ake ɗaurawa daga saman allo, mai sauƙin sha'ani, shi ya sa masu haya ke son sa. Sannan akwai Tuttle, mai sunan Larry Tuttle maƙerin jirage a Kalifoniya, mai noti biyu, wanda 'yan tsere suka runguma saboda ƙarfinsa. A kan Tuttle akan binne 'yan ƙananan ƙarafan tagulla masu zare inda notin ke shiga. Mai aikin kirki yakan zaunar da su a miƙe, ya kewaye su da zaren gilas. Mai gaggawa ya dasa su cikin ƙaro zalla, rana ɗaya a ɗaure noti kan ya tsage. Kuma dole kan ya zauna a gurbinsa ɗaram, ba motsi. Idan ya yi yawa a rage shi da samfefa kaɗan-kaɗan, ana shafa masa alli ana gwadawa don a ga inda yake gogawa. Idan ya yi kaɗan a yanko ƙyallen tsohon filafili a yi masa ciko. Fiffiken da ke rawa a gurbinsa, sannu a hankali zai cinye gurbin, ya buɗe wa ruwa hanya zuwa cikin allo.

A nan ne Usta ya koya mini wani abu da ban samu a aji ba, cewa ƙarfi ma yana da iyaka. Idan mutum ya daki dutsen murjani a tsakiyar gudu, tilas wani abu ya ba da kai. Gara fiffiken ya tafi da a ce gurbin ya tumɓuke ya tafi da wutsiyar allo, domin cikin allo soso ne mai shan ruwa, gyaransa kuma aikin makonni ne. Don haka maƙerin da ya san aikinsa ba ya nufin yin abin da ba zai taɓa karyewa ba. Yana nufin yin abin da zai jure duk wahalar da aka yi shi dominta shekara da shekaru, ranar da abin ya wuce kima kuma ya karye a inda asarar za ta zo da sauƙi.

Ranar da na gane bambancin wannan da ha'inci ba za ta fita raina ba. Wani baƙo, dattijo mai natsuwa wanda ya daɗe a wasan, ya zo da sabon allonsa tare da fiffiken da aka haɗo masa da shi, baƙi wuluk yana sheƙi, saƙar zaren kabon tana ɗaukar ido ta ƙarƙashin fenti. Ya fita can waje, bayan duwatsun murjani, inda igiyar ruwa ke da girma. Bai daki komai ba. Yana cikin gudu fiffiken ya ɓalle daga wuya. Allon da ba fiffike ba ya jin linzami, duk inda iska ta nufa nan zai bi, iskar Dahab kuwa kudu take turawa, nesa da gari. Allah ya sa mutumin ya san dabarar da tsofaffin hannu suka sani: ya kwance ɗamararsa ya ɗaura ta a ƙarƙashin wutsiya ta madaurin ƙafa, ta ba shi ɗan riƙo, ya yi ta lallaɓawa har jirgin ceto ya hango shi. Ya iso gaɓa leɓensa sun bushe, hannunsa na karkarwa.

Da daddare Usta ya kwance guntun da ya rage a gurbi, ya ɗaure shi a maƙama ya raba shi biyu da zarto. Muka sunkuya a kai da fitila. Kabon ɗin da ke sheƙi a waje bai fi kaurin takarda biyu ba. Ƙarƙashinsa wani farin ƙulli ne mai ramukan iska, wasu har kan ashana zai shiga. A daidai wuya, inda duk nauyi ke taruwa, akwai zaren gilas fari fat wanda ƙaro bai ma jiƙa shi ba, ina jan sa da farce yana warwarewa. Usta ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, “Ɗana, wannan ba teku ta karya shi ba. A karye ya baro inda aka yi shi. Wanda ya zuba shi ya san ba mai tsagawa ya duba.”

Ba laifin kabon ba ne, kuma Usta bai taɓa cewa haka ba. Fiffiken kabon a mazubi ake yin sa, a shimfiɗa zaren hawa-hawa cikin ɓari biyu, a haɗe a matse. Ta hanyar karkata zaren, maƙeri na iya sa shi ya dage a wuya, ya yi laushi a tsini, ya ɗan murɗe idan iska ta yi yawa don ya sauke wa mahayi nauyi. Farantin G10 ba zai ba ka wannan iko ba, musamman idan fiffiken ya yi tsawo. Matsalar ita ce da zarar an rufe mazubi an shafa fenti, nagari da mugu kamarsu ɗaya. Abin da ya rage wa mai saye shi ne amanar wanda ya yi.

Shi ya sa a wancan zamani sunan maƙeri yake da daraja. Fiffiken da 'yan tsere ke alfahari da su sunayen mutane ne a jikinsu: Deboichet a Faransa, Curtis da True Ames da Kashy a Amurka. Ƙananan wuraren aiki ne, inda mai sunan ya san abin da ke fita daga ƙofarsa, mahayi kuma ya san wanda zai nema idan abu ya ɓaci. A farkon shekarun 2000, da aka shigo da allunan Formula masu faɗin mita guda, da filafilai har murabba'in mita 12.5, da fiffike mai tsawon santimita 70, sai aikin waɗannan mutane ya zama shi ne ke raba na gaba da na baya a tsere. Wani ɗan tsere da ya zo atisaye ya taɓa miƙa wa Usta irin wannan dogon fiffike ya duba masa. Usta ya goge hannunsa a riga kafin ya karɓa. Ya dafa tsinin a benci ya danna tsakiya a hankali, ya saki, abin ya dawo cak. Ya ƙwanƙwasa shi da bayan farce daga sama har ƙasa yana saurare, sautin bai canja ba ko a wuri guda. Ya mayar masa da hannu biyu. Ban taɓa ganin ya yaba wa wani abu da baki ba, amma ranar na san ya ga aikin ɗan'uwansa gwani.

Irin wannan aiki ne ya kai wasan inda ya kai. A 1986 Pascal Maka ɗan Faransa ya yi gudun not 38.86 a tsibirin Fuerteventura, ya karɓe kambin gudu daga hannun manyan jiragen filafili. A 2015 Antoine Albeau ya kai not 53.27, wato kusan kilomita 99 a awa, a wata kwata da aka haƙa musamman a Luderitz ta ƙasar Namibiya. A irin wannan gudu mutum ya jingina ransa ne a kan ɗan fiffiken da bai fi taƙi guda ba. Babu wurin ramin iska a cikinsa.

Yau abubuwa da yawa sun fi da kyau, kuma ba zan ƙi faɗa ba. Injin da kwamfuta ke sarrafawa yana sassaƙa G10 da daidaiton da hannu ba zai kai ba, ya fitar da ɗari duk iri ɗaya. Roba ma ta dawo da mutuncinta: kamfanin K4 na Ingila yana zuba fiffike na roba da gangan don masu hawan igiyar ruwa, masu son ya lanƙwasa ya dawo, ya daki dutse bai fasa allo ba. Manyan kamfanoni da dama suna yin allunansu a masana'antar Cobra da ke Chonburi a Tailan, kayan sun yi sauƙin samu. A gasar Olamfik ta 2024, wadda aka yi tseren ruwanta a Marsel, allon iQFoil ne ya maye gurbin tsohon allon gasar, RS:X, shi kuwa tashi yake sama da ruwa a kan wata doguwar ƙafa ta kabon mai kusan mita guda da fukafukai a ƙasanta. Jim Drake, wanda ya rasu a 2012, da ya ga haka na tabbata da ya ji daɗi, don aikin jirgin sama ne ya dawo cikin ruwa.

Abin da nake kewa shi ne kusancin da ke tsakanin mutum da kayansa. Dattawan nan masu naɗe fiffike a tawul sun san kowane tabo da ke jikinsa da ranar da aka same shi. Sun san yadda yake amsawa idan iska ta tsananta, sun san sautinsa. Idan ya ji ciwo ba sa tunanin saye, benci suke nema da samfefa. Kayan yanzu, musamman fukafukan kabon masu tsada, yawancinsu a rufe suke ruf. Ba ka ganin cikinsu, idan suka tsage kuma sau da yawa ba abin da ƙaramin ɗakin gyara zai iya yi musu. Mahayi ya zama mai saye kawai, mai gyara irin Usta kuma aikinsa na ta ƙanƙancewa zuwa kwancewa da ɗaurawa.

Na bar Dahab da daɗewa, aikina ma ba na teku ba ne. Amma ma'aunin da nake auna kaya da shi a ɗakin nan na samo shi. Ƙarko a wurina ba ya nufin abu ya ƙi lalacewa, don babu abin hannu da ba ya lalacewa. Yana nufin abu ya tsufa a hankali kuma a fili, ya nuna gajiyarsa kafin ya kasa, ya bar wa mai shi ƙofar gyara, sannan cikinsa ya zama daidai da abin da wajensa ya yi alkawari. Duk kayan da aka kawo mini in sa hannu a karɓa, tambayoyina ba sa canjawa: mene ne a ciki, ta ina zai fara gazawa, idan ya gaza ana iya gyara shi, kuma wa zai amsa idan aka kira. Na sha ganin masu kawo kaya suna ɓata rai da waɗannan tambayoyi, na kuma ga waɗanda fuskarsu ke washewa saboda sun daɗe suna jiran wanda zai tambaya. Da waɗannan na biyun nake hulɗa. Ina roƙon matasan da ke shiga wasan nan yanzu, da ma duk mai sayen abin da zai jingina lafiyarsa a kai, su riƙa tambaya, su riƙa neman a nuna musu. Maƙeran kirki suna nan ba su ƙare ba, kuma abin da ke riƙe su a sana'ar shi ne samun masu sayen da suka iya bambance aikinsu da na masu gaggawa, suka kuma yarda su biya kuɗinsa.